Kyamarar farko: daga gwajin shago zuwa barin Auto

Kyamarar da na fara da ita Canon EOS 600D ce ta hannu, haɗe da lens ɗin da aka saba sayar da ita da shi, 18-55mm. Tun 2011 ta fito, kuma tsufan nata na cikin dalilan zaɓenta: ta yi yawa a kasuwa, batirinta da cajarta ba sa wuyar samu, masu gyara sun san cikinta. Megafiksel 18 gare ta, wato ɗigo 5184 a faɗi da 3456 a tsayi, abin da zai wanku a inci 17 da 11 ba tare da ya farfashe ba. Wayoyi da yawa suna kirarin megafiksel 50 ko 108, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Sensar da ke karɓar haske a cikin wannan kyamara milimita 22.3 ce da 14.9, ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa. Girman nan ne ke ba da hoto mai tsabta idan haske ya yi ƙasa, shi ne kuma ke taimakawa bayan mutum ya narke fuskarsa ta fito.

Nikon D3200 ma da ta yi wannan aikin. Abu ɗaya kawai mai sayenta zai riƙe: jikinta ba shi da injin juya fokas, don haka tsohon lens irin 50mm f/1.8D zai ɗauru amma ba zai saita kansa ba, sai da hannu. Lens mai alamar AF-S ake nema.

Ban zuba kuɗin duka a kan kyamarar ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ware wa batiri na biyu, memori biyu, kad rida, jaka mai zif da famfon roba na hure ƙura. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan jiki kaɗai, ranar farko da batiri ya mutu a wurin taro zai gane.

Gwajin shago ya ɗauki wajen minti arba'in, kuma na je da memorina da laftof. Mai shagon da ya ƙi a gwada kaya a gabansa ya riga ya ba ka amsa. Na fara da jiki: sukurorin da kansu ya tauye alama ce an taɓa buɗe ta, murfin batiri da na memori su rufe tsam, ƙarafan da batiri ke taɓawa kada su yi tsatsa ko kore. Allon 600D yana buɗewa ya juya, sai a juya shi ta kowane ɓangare a ga ko hoton yana ɗaukewa, don wayar da ke cikin mahaɗinsa tana iya gajiya.

Daga nan na cire lens ɗin na haska fitilar waya ta bayansa ina kallo ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba ta hana komai, kusan kowane tsohon lens yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo, wato funfuna, ko hazo da ya rufe gilashin gaba ɗaya. Funfuna tana yaɗuwa, idan ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin, gogewa ba ta mayar da shi. Na mayar da lens ɗin, na sa maɓallinsa a AF, wato ya saita fokas da kansa, na saita a kan abu na kusa, sannan na nesa, a 18mm da kuma 55mm. Idan allo ya nuna Err 01, kyamara da lens ne ba sa jin juna. Wani lokaci datti ne kawai a kan 'yan ƙarafan zinariya da ke bayan lens, goge su da busasshen ƙyalle ya isa. Idan ya sake dawowa bayan gogewa, a bar wannan lens ɗin.

Gwajin sensa iri biyu ne. Na farko, na juya zuwa Av, saitin da ke barin mutum ya zaɓi ƙofar lens, na tsuke ta zuwa f/22, na ɗauki farar takarda, na buɗe hoton a laftof. Duk baƙin ɗigon da ya bayyana ƙura ce a kan sensa, ana iya share ta. Dogon layi siriri kuwa yana iya zama karce, wannan ba shi da magani mai araha. Na biyu, na rufe murfin lens, na sa M, saitin da ake zaɓar komai da hannu, na ba ta daƙiƙa biyar tana ɗauka, na mayar da maɓallin lens MF, wato fokas da hannu, don ta yarda ta ɗauka. Hoton ya kamata ya fito baƙi ƙirin. Jan ɗigo ko shuɗi ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma idan sun yi kamar an watsa gero, sensar ta gaji.

Sai shota, labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa. Ita ce ɓangaren da ke ƙarewa da aiki, kyamarorin wannan aji ana ƙiyasta musu bugu kusan 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon ta wannan zamanin kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB da manhajar da ke karantawa. Lambar da ke jikin sunan hoto ba hujja ba ce, tana komawa farko bayan 9999, kuma ana iya mayar da ita da hannu. Ni iyakar da na sa wa kaina 30,000 ce. Na kuma ɗauki hoto da shota a 1/4000 da 1/200 na daƙiƙa, da kuma daƙiƙa ɗaya, ina duba ko wani gefen hoton ya yi duhu, don haka shota mai shirin mutuwa ke yi.

Memori kuwa, na jabu ya yi yawa. Yakan nuna 32GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa rubuta sabbin hotuna a kan tsofaffi, ba za ka sani ba sai ka zo buɗewa. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyarsa, da ita na gwada nawa kafin su shiga kyamara. Mai 32GB Class 10 yana ɗaukar JPEG sama da 4,000, ko RAW, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, kusan 1,200. Biyu masu 32 sun fi ɗaya mai 64, don idan ɗaya ya lalace ba a rasa komai gaba ɗaya ba. A cikin kyamarar ake yi masa fomat, bayan an kwashe abin da ke ciki.

A gida, kafin hoto na farko, na gyara abubuwa huɗu ƙanana. Na sa kwanan wata da lokaci. Na kashe saitin da ke barin kyamara ta yi ƙara kamar ta ɗauka alhali babu memori a ciki. Na juya 'yar ƙaramar tayar da ke gefen tagar leƙe har lambobin da ke ciki suka fito sarai. Idan ta goce, komai zai yi maka dishi-dishi ka zaci lens ne ya lalace. Sannan na hana kyamara zaɓar wurin fokas da kanta. Ɗigo tara gare ta, in an bar mata zaɓi takan kama abin da ya fi kusa, sau da yawa hannun wani ko kujerar gaba. Na tsayar da na tsakiya, wanda shi ya fi ƙarfi: a ɗora shi kan idon mutum, a danna maɓalli rabi har ya yi ƙara, a riƙe a haka, a gyara tsayuwar hoton, sannan a ƙarasa dannawa.

Kwana biyu kawai na yi a kan koren Auto. Ya isa in saba da riƙo: hannun hagu a ƙarƙashin lens, gwiwar hannu manne da ƙirji, ido a tagar leƙe. Kallo ta allo kamar waya yana cin batiri, batirinta LP-E8 yana ba da hoto kusan 440 ta taga amma ƙasa da 200 ta allo, ga shi fokas ɗin allo a wannan kyamara yana da nawa.

Abu uku ke ƙayyade hasken hoto. Ƙofar lens, wadda ake rubutawa da f: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Lamba na girma ƙofa na tsukewa, kowane mataki yana rage hasken da rabi. Sai tsawon lokacin da shota ke buɗe, 1/100 ya ninka 1/200 haske. Sai ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, 200 ya ninka 100, amma yana hawa hoto na yin yashi-yashi. A 600D har 1600 hoton yana da kyau, 3200 na lalura ne. Tunda dukansu da ninki suke tafiya, abin da ka cire a ɗaya kana iya mayar da shi a ɗayan. A tsakar rana mai haske, ISO 100 da f/16 da 1/100 daidai suke da f/11 da 1/200, ko f/8 da 1/400.

Na fara da Av, inda ni ke zaɓar ƙofa, kyamara ta zaɓi shota. Na jera kofuna uku a kan tabarma, taku ɗaya tsakanin kowanne, na ja lens zuwa 55mm, na saita a kan na tsakiya, na ɗauka a f/5.6, f/11 da f/22. A na farko kofin tsakiya ne kaɗai ya fito, a na ƙarshe na gaba da na baya ma sun fara fitowa, amma hoton ya girgiza. Dalilin yana rubuce a ƙasan taga: da na tsuke ƙofa, kyamara ta ja shota ta koma kusan rabin daƙiƙa, hannu kuwa ba ya tsayawa haka. Daga ranar na koyi kallon wannan lambar kafin dannawa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ninka tsawon lens da 1.6, kada shota ta gaza haka: a 55mm kusan 1/100 ke nan. Maɓallin hana girgiza da ke jikin lens yana ba da rangwame, amma girgizar hannunka kaɗai yake gyarawa. Yaron da ke motsi sai 1/250 ko sama.

Wannan ne ya sa hotunan cikin ɗaki na farko suka lalace kusan duka. Lens ɗin 18-55 yana buɗewa zuwa f/3.5 a 18mm, amma da ka jawo zuwa 55mm iyakarsa f/5.6. A ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, ko a ISO 1600, shota tana sauka wajen 1/10. Mafita ta kusa ita ce a koma 18 ko 24mm, a matsar da mutum kusa da taga ko ƙofa. Kada dai a matso da 18mm daf da fuska, hanci zai kumbura kunnuwa su gudu baya. Mafita ta gaskiya ita ce lens ɗin 50mm f/1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, sai 1/10 ɗin nan ta koma 1/100. Shi ne abu na farko da na ƙara saye, kuma ina ganin ya fi canza kyamara amfani nesa ba kusa ba. Yana da nasa tarkon. A f/1.8 daga nisan mita biyu, abin da ke fitowa sarai bai wuce santimita 11 ba, in fokas ya sauka a kunne ido ya tafi. Mutum biyu a f/1.8, ɗaya zai fito ɗaya ya narke, sai an kai f/4. Kuma a rana tsaka f/1.8 yana buƙatar shotar da ta wuce 1/4000, iyakar wannan kyamara ke nan, sai ka ga 4000 na ƙyaftawa hoto ya ƙone. A tsuke zuwa f/2.8 ko a shiga inuwa.

Inda na fi daɗewa shi ne ma'aunin haske, don a nan ne kyamara ta fi yin kuskure a irin hotunanmu. Ma'aunin da ke cikinta bai san fari ko baƙi ba, duk abin da ya gani ƙoƙarinsa ya mayar da shi ruwan toka matsakaici. Ka tsayar da mutum baƙi cikin farar shadda a gaban farin bango, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske. Shaddar ta koma toka-toka, fuskar ta dulmiye, ga hula ga inuwarta a kan idanu. Haka ma idan mutum ya ba taga baya, ko sararin sama ya cika rabin hoton. Gyaran yana maɓallin Av+/- da ke baya: a danne shi, a juya tayar sama zuwa +2/3 ko +1. Akasin haka, mace cikin baƙar abaya a ɗaki mai duhu, kyamara za ta ƙara haske har baƙin ya koɗe, nan sai a sauka zuwa -2/3.

Ƙarin yana da iyaka. Idan farin ya ƙone, aikin da ke wuyan riga ya ɓace ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Allo ba abin dogaro ba ne a rana, don haka nake danna INFO a kan hoton da na ɗauka har zanen nan mai kama da tsauni ya fito. Idan tsaunin ya manne da bangon dama, kuma wani sashe na hoton yana ƙyaftawa, na wuce gona da iri, sai in rage kashi ɗaya cikin uku. A tsakar rana sau da yawa babu saitin da zai ceci fuska da riga a lokaci guda, tazarar haskensu ta fi ƙarfin sensar. Maganin a ƙafa yake: a kai mutum inuwar bango ko bakin zaure, fuskarsa na kallon waje. Inuwar darbejiya mai ɗigon rana tana sa fuska dabbare-dabbare, gara cikakkiyar inuwa. Safiya da bayan la'asar sakaliya kuwa hasken da kansa yana yin rabin aikin. Abin da ake yawan mantawa, kuma na manta ba sau ɗaya ba, shi ne mayar da wannan saitin sifili bayan an gama. Yana nan yadda ka bar shi ko ka kashe kyamara.

Filashar da ke kan kyamara na fi amfana da ita da rana fiye da dare. Ƙarfinta a ISO 100 da f/5.6 bai kai mita biyu da rabi ba, a ISO 400 ya kusa biyar. Ɗaga ta a babban ɗakin taro yana haska ƙeyar na gabanka ne kawai. Da rana kuwa tana cike inuwar hula da ta ƙarƙashin ido. Sai dai da zarar an ɗaga ta shota ba ta wuce 1/200, don haka a rana sai ISO 100 da f/11, in ba haka ba hoton ya yi fari fat.

Tv, inda ni ke zaɓar shota kyamara ta zaɓi ƙofa, na koya a bakin titi da adaidaita sahu. A 1/1000 tana tsayawa cak har tayoyi. A 1/60, in ka bi ta da kyamara kana juya ƙugu daidai gudunta, ita ta fito bayanta ya zama zane-zane, kuma cikin goma da wuya biyu su yi kyau da farko. Ga abu mai tahowa gare ka, kamar dokin hawan sallah, a sauya fokas daga One Shot zuwa AI Servo, a riƙe maɓalli rabi ana bin sa. One Shot yana kulle fokas a inda dokin yake ɗazu. Kyamarar tana yin hoto 3.7 a daƙiƙa, a RAW kuwa bayan shida ko makamancin haka sai ta tsaya numfasawa, saboda haka JPEG ya fi dacewa da irin wannan. Mutanen da ke bakin titi kuwa, musamman mata, a nemi izini kafin a nuna musu lens, wuraren jami'an tsaro kuma a sauke kyamara gaba ɗaya.

Launi bai ba ni wahala sosai ba. A waje AWB, inda kyamara ke daidaita launi da kanta, ya isa. A ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa fata takan yi ja-ja, sai a danna WB a zaɓi alamar ƙwan fitila. Inda fitilu iri biyu suka haɗu, RAW ne mafita, don ana gyara launinsa daga baya ba tare da asara ba, da Digital Photo Professional na Canon ko darktable, dukansu kyauta. Bidiyo kuwa abu biyu: wutarmu 50Hz ce, don haka a sa tsarin a PAL, firem 25, shota 1/50, in ba haka ba fitilu su riƙa rawa a hoton. Kuma 600D tana tsayawa da kanta idan fayil ya kai 4GB, wajen minti 11 zuwa 12 a 1080. Mai ɗaukar ɗaurin aure ya tsayar ya sake farawa a inda ya zaɓa, kafin ta yanke masa ana tsakiyar siga.

Kyamarar ba ta da Wi-Fi. Kad rida da 'yar mahaɗar OTG suna kai hoto waya kai tsaye. A WhatsApp, in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, wanda za a wanke sai a tura shi a matsayin fayil. Ba na yi wa memori fomat sai hotunan sun zauna a wuri biyu.

Sauran aikin na yanayi ne. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Idan zan canza lens, ina kashe kyamara, in juya wa iska baya ko in shiga ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, sabon lens ɗin a shirye kafin in cire tsohon. Farin murabba'i ake daidaitawa ga lens ɗin EF-S irin 18-55, jan ɗigo ga EF irin 50mm f/1.8. Gilashin gaba a fara hure shi da famfo kafin ƙyalle ya taɓa shi, don ƙurar nan yashi ce, gogewa a kanta karce ne, bakin riga kuwa kada ya kusance shi. Ƙurar da kake gani ta taga amma ba ta fitowa a hoto tana kan madubi ne ko gilashin da ke samansa, a ƙyale ta. Wadda ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama, ita ce ta sensa. Da cikakken batiri, a shiga menu a zaɓi sharewa da hannu, madubi ya ɗaga, a kifa kyamarar a hura da famfo sau uku ko huɗu ba tare da bakinsa ya shiga ciki ba. Hurawa da baki yana watsa yawu. Wadda ta ƙi tashi a kai wa mai gyara.

Da damina kuwa laima ce. Jaka a rufe cikin kabad mai sanyi ita ce gidan funfuna. Ina ajiye kyamara da lens a robar abinci mai murfi tsam, tare da 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin sabon takalmi, in shanya su a rana lokaci zuwa lokaci don sukan ƙoshi da ruwa. Idan aka fito daga ɗaki mai AC zuwa waje mai laima, gilashi yana yin gumi, sai a bar ta cikin jaka minti goma sha biyar kafin a buɗe. Batiri kuwa a cire shi idan za a yi makonni ba a ɗauka ba, kuma kada a bar caja a jikin soket lokacin da ake tayar da janareta.